Hamzar 'Yargoje da Kwanan Watan da Ya Goce: Gyaran Tangarɗar Manhaja Aikin Manazarcin Hausa Ne

Duk wanda ya buɗe manhajar Excel, ya rubuta sunan garin 'Yargoje a ɗaya daga cikin gidajen jadawalinta, zai ga sunan ya fito a matsayin Yargoje. Hamzar farko ta ɓuya. Haka aka gina manhajar tun asali: a tsarinta, wannan alama idan ta zo a farkon gida umarni ce, ma'anarta a ɗauki abin da ke biye da ita a matsayin rubutu, kada a yi lissafi da shi. Da zarar an fitar da jadawalin zuwa fayil na rubutu zalla domin a tura wa abokin aiki, hamzar ta tafi ke nan. Abin da ya sami 'Yargoje ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara shi zai sami 'Yankara ta Faskari da 'Yantumaki ta Ɗanmusa da 'Yandoto ta ƙasar Zamfara, da duk sunan da ya fara da 'yan ko 'yar, waɗanda ba su ƙirguwa a kudancin ƙasar Katsina.

Wannan ita ce ƙarama daga cikin tangarɗun da ke jiran mai binciken da ya mayar da littafinsa na yau da kullum, wanda wasu ke kira dayari, daga takarda zuwa waya ko kwamfuta. Kowace shigarwa ta irin wannan littafi tana da sassa biyu. Akwai jikinta, wato abin da aka gani ko aka ji aka rubuta. Akwai kuma abin da za a kira bayanan goshi: ranar da aka yi rubutun, wurin da aka yi shi, wanda ya ba da bayani, harshen da aka yi hirar da shi, da lambar muryar da aka naɗa. A littafin takarda hannu ɗaya ne ke rubuta su duka a shafi ɗaya, saboda haka ba su rabuwa. A manhaja kuwa, jiki aikin mutum ne, goshi kuma sau da yawa na'ura ce ke cika shi, tana ajiye shi a wani wuri dabam, bisa wata ƙa'ida da ba da Bahaushe aka tsara ta ba. In goshin ya goce daga muhallinsa, jikin yana nan kalma bayan kalma, amma ya daina zama hujja.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, gyaran irin wannan tangarɗa bai kamata a bar wa masu gyaran kwamfuta su kaɗai ba. Aiki ne na tahƙiƙin matani, irin wanda sassan Hausa da na Tarihi suka daɗe suna koyarwa a kan rubuce-rubucen Ajami, kuma da ladubban wannan fage ya kamata a yi shi.

Domin a ga yadda abin yake faruwa, a ɗauki Obsidian, ɗaya daga cikin manhajojin ajiye bayanai da ɗalibai masu neman manyan digirori suka fara karkata gare su tun bayan fitowarta a 2020. Tana ajiye bayanan goshi a saman fayil, tsakanin layuka biyu masu karan ɗori uku-uku, bisa wani tsarin rubutu da ake kira YAML. Sharaɗin shi ne layin farko na karan ɗorin ya kasance shi ne farkon fayil ɗin. Idan samfurin shafin da mai bincike ya tanada ya cusa take, ko da layi ɗaya ne, a samansa, manhajar ba ta ƙara ganin goshin a matsayin goshi. Sai ya zama wani ɓangare na jikin rubutu. Shigarwar tana nan a ma'ajiya, amma ranar da aka nemi a jero duk hirarrakin da aka yi a wani gari, ba za ta fito ba, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Mai binciken da ya yi hira talatin zai ga ashirin da huɗu, ya gina nazarinsa a kansu.

Hamza kuma tana da tata fitinar a nan. A tsarin YAML, idan bayani ya fara da wannan alama, ana ɗaukarta a matsayin buɗe zancen wani. Saboda haka wanda ya rubuta 'Yargoje a gurbin wuri ya buɗe baki ne bai rufe ba. Na'urar za ta yi ta neman alama ta biyu da za ta rufe zancen, ko dai ta haɗiye layukan da ke ƙasa har ta tarar da wata hamzar a cikin suna kamar Mu'azu ko Sa'adatu, ko ta yanke hukunci cewa goshin gaba ɗaya ba ya karantuwa. Maganin a fasahance bai taka kara ya karya ba: a kewaye sunan da alamar zance mai ƙwaya biyu. Sai dai wanda bai san dalili ba, abin da ya fi saurin yi shi ne ya cire hamzar, ya ga komai ya daidaita, ya ci gaba da cire ta har ta zame masa ɗabi'a. Ta haka ne ƙa'idar rubutu da aka sha taro a kanta, daga Bamako a 1966 zuwa Yamai a 1980, take zaizayewa a hannun masu koyar da ita.

Ko ba a cire ta ba ma, hamzar ba ɗaya ba ce a idon na'ura. Akwai miƙaƙƙiya da ke kan allon bugu, akwai lanƙwasasshiya da manhajar Word ke musanya ta da ita, wadda a farkon kalma takan juya ta ta fuskanci dama a zaton buɗe zance ne, akwai kuma wata da tsarin Unicode ya ware a matsayin harafi. Ga kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar, wadda wasu kafofin labarai na Nijeriya su ma suka runguma. A ƙara da masu raba sunan biyu su rubuta 'Yar Goje, da jaridun Turanci da ba su san da hamzar ba. Gari ɗaya ya zama garuruwa shida ko bakwai a cikin ma'ajiya ɗaya. Haka Ƙanƙara da Kankara suke zama wurare biyu, kuma a jerin da na'ura ta tsara bisa lambobin haruffa, mai ƙugiya yakan faɗa can bayan harafin z, inda ba mai nemansa.

Matsalar kwanan wata ta fi wannan zurfi, kuma a nan ne 'Yargoje ta zama misali mai ɗaci. A ranar Lahadi 9 ga Yuni, 2024, 'yan bindiga suka kai hari a yankin. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito mazauna garin suna cewa an kashe aƙalla mutum 50, sanarwar hukuma kuma ta kawo adadin da bai kai haka ba. Wannan saɓani na adadi abu ne da masu tarihi za su zauna a kansa nan gaba, kuma abin da za su dogara da shi shi ne wa ya faɗi me, a ina, yaushe. To, a dubi yadda rana ɗaya tak take iya rarrabuwa. A lissafin da malamai da dattawa suke bi, yini yana farawa ne daga faɗuwar rana. Abin da ya faru bayan magaribar Lahadi, a daren Litinin ya faru. Dattijon da ya ce daren Litinin gaskiya ya faɗa, amma ɗalibin da ya tashi da kalandar boko zai iya cika gurbin da 10 ga wata da dare, ya tura al'amarin gaba da yini guda. A lissafin Hijira ranar ta zo daidai da 3 ga Zulhajji, 1445, mako guda kafin Babbar Salla, kuma da yawa daga masu ba da labari da Sallar za su auna, su ce saura mako. Wanda kuma ya rubuta 9/6/2024 a manhajar da aka saita bisa al'adar Amurka, inda wata ke gabatar rana, na'ura za ta karanta masa 6 ga Satumba. Labarin farkon damina, lokacin shuka da noman fari, ya koma gab da kaka. Duk wani nazari da zai danganta hare-hare da lokutan aikin gona ya rushe daga tushe, ba tare da an canza ko kalma ɗaya a jikin shaidar ba.

Sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara ya nuna wani salon wannan kuskure da ya fi wuyar ganewa. An kwashe su a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Jadawalin da ke bin tsarin Amurka zai mayar da 11/12 ya zama 12 ga Nuwamba, amma zai bar 17/12 yadda yake, tunda babu wata na goma sha bakwai. Kwana shida sun zama talatin da biyar. A cikin jeri ɗaya, duk ranakun da suka faɗo tsakanin 1 da 12 ga wata sun juye, sauran suna daidai, don haka wanda ya duba sama-sama ya ci karo da na daidai zai natsu.

Sai kuma agogo. Manhajoji da yawa suna ajiye lokaci bisa agogon duniya na bai-ɗaya, wanda Nijeriya ke gabansa da sa'a ɗaya. Shigarwar da aka rubuta tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya tana iya ɗaukar kwanan watan jiya, kuma mai bincike a ƙauye sau da yawa sai dare ya raba yake samun sukunin rubutu. Wani lokaci kuma gurbin da ya zo babu komai na'ura kan cika shi da 1 ga Janairu, 1970, ranar da tsarin Unix ke fara ƙirga lokaci. Wannan kam da sauƙin kamawa, domin ba wanda zai yarda an naɗi murya da wayar hannu makonni biyu kafin ƙarewar yaƙin basasa.

Yanayin yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda mazaɓar tarayya ɗaya ce ta haɗa su, ya ƙara wa matsalar nauyi ta fuskar da masu ƙera manhaja ba su yi tunaninta ba. A watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun, kuma sai a watan Disamba aka fara mayar da su. Duk abin da aka rubuta a waya a cikin waɗannan watanni ya zauna a wayar, sai ranar da mai ita ya fita zuwa inda ke da sabis. Manhajar da ke ɗaukar ranar isowar fayil a matsayin ranar rubuta shi za ta tara aikin watanni a kwana ɗaya, ta kuma manna masa wurin da aka tura shi, Katsina ko Zariya ko Kano. Bayan haka, tun da hanyoyi suka yi wuyar bi, hira da yawa ta koma saƙon murya ta WhatsApp. A wayoyin Android sunan da manhajar ke ba fayil yana ɗauke da ranar da ya shigo wayar, kuma idan muryar ta bi ta hannu uku kafin ta iso, sunan ba ya faɗin komai game da ranar da aka yi maganar. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba shi ma an riga an share masa bayanan wuri da lokacin ɗauka.

Wani zai ce wannan damuwar masu nazarin rikici ce, mai nazarin harshe da adabi ba ruwansa. Akasin haka ne. Nazarin karin harshe kacokan a kan wuri ya dogara. Kudancin Katsina mahaɗa ce, tana kallon Zamfara ta yamma da ƙasar Zazzau ta kudu, kuma yanzu dubban mutanen ƙauyukanta suna zaune a Funtuwa da Malumfashi da cikin birnin Katsina. Muryar mutumin 'Yargoje da aka naɗa a Funtuwa tana buƙatar gurbi biyu, inda aka yi hira da inda mai magana ya tashi. Manhajar da ke da gurbi ɗaya mai suna wuri za ta tilasta a zaɓi ɗaya, kuma taswirar karin harshe da aka zana da irin wannan bayani ƙarya za ta yi. Haka abin yake ga sababbin kalmomi da karin magana da waƙoƙin da wannan zamani ya haifar. Tambayar yaushe aka fara jin wata kalma, a bakin wa, kafin wane al'amari ko bayansa, ba ta amsuwa sai da goshi ingantacce.

Fagen nazarin Hausa ya riga ya ɗanɗani abin da ke faruwa idan kwanan watan da mai gyara ya ƙara ya shige cikin matani. Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908 yana kawo yawan shekarun da kowane sarki ya yi ne a kan mulki. Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya ya fitar da shekarun Hijira da Miladiyya, har ya kai ga 999 a matsayin farkon sarautar Bagauda. Masana irin su Murray Last da M. G. Smith da John Hunwick sun yi ta muhawara a kan yadda aka haɗa littafin da lokacin da aka rubuta shi, amma shekarar 999 ta riga ta shiga littattafan makaranta da jawaban bukukuwa kamar wani ne ya shaida ta da idonsa. Palmer ya yi abin da ya ga ya dace, kuma aƙalla an san shi ya yi. Kwanan watan da manhaja ta ƙaga ba shi da mai shi, ba a san wanda za a tuhuma ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai littafin yau da kullum na Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927, wanda James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga a 1995. Asalin Larabcinsa ya ɓace, fassarar Turanci ta wani jami'in mulkin mallaka ce ta rage. Jimlolinsa gajeru ne, babu ado, kuma darajarsa ga masu tarihin bauta da mulki a wannan yanki tana cikin jerin ranakunsa da sunayen wurarensa. Da za a yamutsa ranakun, abin da zai saura bai fi tarin maganganu marasa gaba da baya ba.

Malaman ƙasar Hausa sun san wannan haɗari tun kafin zuwan na'ura, domin littattafansu warwara ne, takardu ne ba ɗinki, a cikin gafaka. Dabarar da suka bi ita ce su dasa shaidar rubutu a cikin rubutun kansa. A ƙasan shafi sukan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba, ta yadda ko iska ta watsa takardun za a iya mayar da su a jere. A ƙarshen littafi magwafi yakan faɗi sunansa da na wanda ya yi wa kwafin, wani lokaci da rana da wata. Marubuta waƙoƙi kuma, ciki har da Nana Asma'u 'yar Shehu, sukan saƙa shekarar da aka gama waƙa a cikin baitocin ƙarshe ta hanyar ramzi, inda haruffa ke tsayawa a madadin lambobi. Shekarar da ke cikin baiti tana tafiya da waƙar duk inda ta je, a takarda ko a ka, kuma karin waƙar da amsa-amonta suna tsaronta daga canji. Idan aka haɗa da ilimin isnadi, wanda ke auna ruwaya da sarƙar waɗanda suka ɗauko ta, za a ga cewa abin da masana taskar bayanai suka zauna suka tsara a garin Dublin na Jihar Ohayo ta Amurka a 1995, wanda ya zama gurabe 15 na siffanta kowane kundi, ba baƙon tunani ba ne a zauren malam.

Darasin da ke cikin wannan a aikace yake. Layin farko na jikin kowace shigarwa ya kamata ya faɗi rana da wata da shekara da wuri a cikin cikakkiyar jimlar Hausa, da sunan ranar mako, da sunan wata a rubuce da haruffa. Haka nan a farkon kowace murya da aka naɗa, mai bincike ya furta su da bakinsa. Sunan ranar mako shi ne mai gadi: 9 ga Yuni, 2024 Lahadi ce, 6 ga Satumba kuwa Juma'a ce, don haka duk ranar da goshi ya saɓa wa jiki za a gane. A gurbin na'ura kuma a bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, 2024-06-09, wanda ba ya karɓar fassara biyu. Abin da mai ba da bayani ya faɗa da bakinsa, daren Litinin ko saura mako Salla, a bar shi yadda ya faɗe shi a gurbinsa na dabam, kada a shafe shi da lissafin mai bincike.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin gyaran kansa. Idan aka gano goshin shigarwa ɗari biyu ya goce, abin da zuciya ke so shi ne a sami wani mai ilimin kwamfuta ya rubuta ɗan umarni ya daidaita su a minti ɗaya. Umarnin zai yi abin da aka ce masa, har a inda bai kamata ba. Wanda aka ce ya juya rana da wata zai juya har da waɗanda aka shigar daidai; wanda aka ce ya sa hamza a gaban duk Yan da Yar zai sa ta a gaban Yarbawa da yanayi da yanzu. In an yi wannan a kan kwafi ɗaya tilo, kuskuren farko da ake iya ganewa ya koma kuskure na biyu da ba ya ganuwa. Babu mai tahƙiƙin da zai ɗauki alƙalami ya gyara tsohon rubutun Ajami a kan takardarsa ta asali. Yakan bar asali, ya yi kwafi, ya nuna inda ya canza da hujjarsa, inda kuma hujja ta gaza ya rubuta cewa zato ne. Fayil ma haka ya cancanta: a kulle na asali, a yi gyara a kan kwafi, a ajiye rajistar abin da aka canza da ranar da wanda ya canza, a kuma ware gurbi da ke nuna ko kwanan watan daga jikin rubutu aka samo shi, ko daga na'ura, ko kirdado ne. Sannan a koma ga samfurin shafin da ya haifar da matsalar a gyara shi, in ba haka ba gobe ma ta dawo.

Masana ƙwayoyin halittar gado sun sha irin wannan wahala da Excel, wadda ke mayar da sunaye kamar SEPT2 da MARCH1 su zama ranakun Satumba da Maris. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka zo da jadawalin sunayen, kuma a 2020 kwamitin da ke kula da sunayen ya sanar da sauya wasu daga cikinsu domin su tsira daga manhajar. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya ba da damar kashe wannan sauyi na kai-tsaye. Su sunayensu laƙabi ne da kwamiti ya ƙirƙira, yana iya sauya su. Hamzar 'Yargoje sauti ce a bakin mutane, ita ce ta bambanta 'ya'ya da yaya, kuma ba wani kwamiti da ke da hurumin sadaukar da ita don jin daɗin jadawali. Abin koyi daga gare su shi ne sun ƙirga ɓarnar, sun buga ta a mujallunsu, har ta zama abin magana. Irin wannan ƙidaya a kan kundayen digiri da ma'ajiyoyin sassan Hausa aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya kammalawa.

Akwai ƙalubale ɗaya mai ƙarfi ga duk abin da ya gabata, kuma bai kamata a raina shi ba. A yankin da zargin zama infoma ke iya jawo kisa daga kowane ɓangare, cikakken goshi makami ne. Waya da ke ɗauke da sunan mutum da unguwarsa da ranar da ya yi magana da ma'aunin wurin da tauraron ɗan'adam ya bayar, idan ta faɗa hannun da bai dace ba a kan hanyar Sheme ko ta Ƙanƙara, ta gama da shi. Wasu masu bincike da gangan suke barin guraben babu komai, kuma niyyarsu abar yabo ce. Amma ɓoyewa da gangan dabam take da gocewa bisa kuskure. Wanda ya ɓoye ya san abin da ya ɓoye, ya ba mai bayani lamba a madadin suna, ya rubuta ƙaramar hukuma a madadin ƙauye, ya ajiye mabuɗin a wani wuri da ba ya tafiya da shi, zai kuma iya faɗa wa mai karatu cewa an sakaya. Wanda manhaja ta yamutsa wa bayani bai kare kowa ba, domin sunan yana nan a wani lungu na fayil ɗin da bai san da shi ba, kuma ga hujjarsa ta lalace. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara bayanan mutane, kuma ba a iya kare abin da ba a san inda yake ba.

Gurbin wuri yana da wata sarƙaƙiya ta tarihi da ya dace a tanada mata tun yanzu. Ƙasar da 'Yargoje take a cikinta ta zauna ƙarƙashin Lardin Kano, ta koma Lardin Zariya a 1926, ta zama cikin Lardin Katsina a 1934, sannan Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, Jihar Kaduna a 1976, Jihar Katsina a 1987. Hakimin Ƙanƙara kuma sarautarsa Sarkin Pauwa ce, sunan da ke nuni ga wani gari dabam. Wanda ya nemi takardun yankin a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya san sai ya bi fayilolin larduna fiye da ɗaya. Manhajar da ke cika sunan jiha da kanta daga taswirar yau za ta sa hirar da aka naɗa a 1975 a cikin jihar da ba a ƙirƙira ba sai bayan shekara goma sha biyu. Sassan da suka fara mayar da tsofaffin kaset-kaset ɗinsu zuwa kwamfuta suna buƙatar gurbi biyu a nan ma, sunan wuri a lokacin naɗi da sunansa a yau.

Abu ɗaya ne mai bincike ba zai iya yanke wa kansa ba, shi ne wace hamza za a riƙa bugawa. Muddin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma da Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo kowace tana bin abin da allon bugunta ya ba ta, ma'ajiyoyinsu ba za su taɓa haɗuwa a bincike ɗaya ba. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta saba ɗaukar nauyin tarukan daidaita ƙa'idojin rubutu da ƙirƙirar kalmomi, ita ce ta fi cancanta ta kira zaman, tare da takwarorinta na Yamai, tunda su sun riga sun zaɓi ƴ. Abin da ake buƙata daga zaman bai wuce shafi biyu ba: lambar Unicode guda ga hamzar tsakiyar kalma, matsaya guda a kan 'y da ƴ a cikin ma'ajiyar bayanai ko da an bar kowa da al'adarsa a bugu, da jerin sunayen garuruwa da gundumomi a rubutun Hausa daidaitacce, kowanne da sauran siffofin da ake rubuta shi da su. Mujallun sassan Hausa kuma suna da ikon da ba sai sun jira kowa ba: su nemi duk maƙalar da ta dogara da aikin fili ta faɗi, a sashen hanyoyin bincike, manhajar da aka yi amfani da ita, da tsarin kwanan watan da aka bi, da ko an taɓa gyara bayanan goshi bayan an dawo daga fili.